Kwamitin Binciken Ƙarancin Mata

FARFESA: To bismillah, zama ya buɗe. Dakta ɗauki biro ki rubuta, kwamitin gano dalilin ƙarancin mata a cikin malaman jami'a, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Alhaji, sai ki bar fili kamar layi biyu, zan faɗa miki sauran muƙaman anjima.

DAKTA: Ranka ya daɗe ni memba ce fa, ga sakatare can yana danna waya.

FARFESA: Shi rubutunsa ko shi kansa ba ya iya karantawa. Ku kuwa mata Allah ya ba ku baiwar tsara abu. Kin ga tun ba a je ko'ina ba na fara yabon mata, saka wannan a miniti.

AKAWU: Yallaɓai kafin a yi nisa, alawus ɗin nan na kowane zama ne ko sai an miƙa rahoto?

Kujeru tara ne a ɗakin, bakwai maza, ɗaya ba kowa a kai, ita ma Dakta sai da aka buga takardar naɗi aka kai wa shugaban jami'a sannan wani ya lura ba mace ko ɗaya, aka ƙara sunanta da biro a can ƙasa kusa da hatimi.

FARFESA: Ni a nawa binciken, kuma kun san lokacin da nake Ingila bincike ne abincina, matsalar nan babu ita. Grace Alele-Williams ba ta shugabanci jami'ar Benin a 1985 ba? Gambo Laraba Abdullahi ba ta riƙe ta Abuja ba? Fatima Batul Mukhtar fa, ba ita aka ba Dutse a 2016 ba? Ruƙayyatu Ahmed Rufa'i har ministar ilimi ta yi. To me kuma ake so, mu tashi mu bar musu ofisoshin?

DAKTA: Yallaɓai ka ƙirgo huɗu ka tsaya, ko hannu ɗaya ba ka cika ba. Yanzu ƙirgo mana mazan.

FARFESA: Maza ba a ƙirga su, ba kyau.

DAKTA: Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tun 1962 aka kafa ta, har yau mace ba ta hau kujerar shugabanta ba.

FARFESA: Ai ba su nema ba ne.

DAKTA: Sai farfesa ke nema. Kafin ka zama farfesa sai ka yi digiri na uku ka tara maƙaloli a mujallu ka je taruka gari-gari. Ni taron Ibadan sai da na nemi izinin maigida, na nemi mai riƙe min yara, na nemi ƙanina ya raka ni, da na dawo kuma ofis ya ce kuɗin mutum ɗaya za a biya.

AKAWU: Ƙa'ida ce wannan, ba ni na rubuta ta ba.

FARFESA: Lokacin da nake Ingila matan can ba sa ƙorafi irin wannan, su hau keke cikin sanyi su tafi laburare.

Duk wanda ya san Farfesa ya san Ingilar nan kwas ne na wata shida, a cikin shidan ma wata ɗaya mura ta cinye, amma ta fi shekara talatin tana bin sa duk inda ya shiga, ko ta'aziyya ya je sai ta fito.

BABA MASINJA: Ga lemo da samosa yallaɓai, a ina zan ajiye?

FARFESA: Miƙa wa Dakta ta rarraba.

DAKTA: Hannuna na riƙe da biro ranka ya daɗe.

FARFESA: Kin ga irin abin da nake faɗa ko? Aiki biyu kawai har an fara kuka, to ina ga an ba ki tsangaya guda?

BABA MASINJA: Yallaɓai in ba za a ce na yi shisshigi ba, mu a ƙasar Sakkwato karatun mata ba yau aka fara ba. Nana Asma'u 'yar Shehu ai ita ta kafa 'Yan Taru, a naɗa wa tsohuwa malfa a ce ta zama jaji, ta bi ƙauyuka tana karantar da mata a cikin gidajensu. Kakata ma a hannun wata jaji ta koyi alwala da farillan salla.

FARFESA: Baba wa ya sa da kai? Na san Nana Asma'u, 1793 zuwa 1864, Allah ya ƙara mata yarda, na taɓa yin lakca a kanta har aka yi min tafi a tsaye. Amma tambaya a nan, a wace mujalla ta buga?

BABA MASINJA: Waƙoƙi dai ta bari da Larabci da Fulatanci da Hausa, har yanzu ana rera su.

FARFESA: Ba Turanci? To da gabana fayil ɗinta ya zo, sai in ce ta ƙaro biyu a mujallar waje ta dawo baɗi.

SAKATARE: Sa, akwai ajanda ta biyu, wakilin makiyaya bai zo ba, kujerarsa ce wannan.

FARFESA: An gayyace shi?

SAKATARE: An tura masa ta imel, sau biyu ma.

FARFESA: To kun gani. Tun 1989 gwamnati ta kafa musu hukumar ilimi sukutum a Kaduna, amma ɗan zaman awa biyu ya gagare su. Dakta rubuta, rashin sha'awa.

BABA MASINJA: Ai mai gadin ƙofar nan Bafulatani ne yallaɓai, 'yarsa ma ta ci JAMB bana, kuɗin rajista ne ya tsaya musu. In kira shi ya zauna?

FARFESA: Ya zauna, wa zai tsare min mota?

Ana nan sai wayar Farfesa ta ɗauki ƙara, irin ƙarar nan da ake ji daga bene na uku, shi kuma bai taɓa koyon rage murya ba, in yana waya kowa a sashen sai ya san abin da aka dafa a gidansa.

FARFESA: Hajiya ya jikin? Kun ga likitan? Wa? Namiji? A'a a'a, kar ki kuskura ki shiga, ki ce musu matar Farfesa ce, a nemo mace! Babu? Asibiti guda a ce likita mace ɗaya ce ita ma tana hutun haihuwa? Wannan ƙasa dai ta lalace wallahi. Ki zauna a benci, ina gama taro zan kira shugaban asibitin.

Ya kife wayar yana huci. Akawu ya yi amfani da damar ya ƙara samosa biyu a aljihun babbar riga.

DAKTA: Allah ya ba Hajiya lafiya. Ranka ya daɗe ina 'yar wajenka da ta samu gurbin karatun likita? Na koyar da ita a shekarar farko, kanta na ja sosai.

FARFESA: Tana ɗakinta. ASUU suka tafi yajin aiki a 2022 wata takwas cur, sai in zuba mata ido tana zaune a gida tana kallon finafinai? Miji ya fito, ɗan mutunci, kuma a gaban shaidu ya yi alkawari za ta ci gaba.

DAKTA: Ta ci gaban?

FARFESA: Ta ci gaba mana, 'ya'yanta biyu yanzu.

DAKTA: To likita macen da za ta duba Hajiya, 'yar wa ake so ta zama?

FARFESA: 'Yar wani mana! Kowa sai nasa? Kar ki kawo min maganar gida cikin aikin hukuma, goge wannan daga miniti. Ni da kike gani ba wanda ya kai ni goyon bayan mata a jami'ar nan, ɗalibai mata nawa na duba wa kundi?

DAKTA: Ni ɗaya ce, kuma shekara bakwai babi na uku yana cikin but ɗin motarka. In na zo ofis da safe a ce kana taron majalisar jami'a, in na zo da yamma a ce me matar aure ke nema a ofishin namiji bayan la'asar.

FARFESA: Horo ne wannan. Lokacin da nake Ingila...

AKAWU: Yallaɓai biyar saura, masu kuɗi suna rufewa.

DAKTA: Ni ma yarana tun ƙarfe biyu suke bakin ƙofar makaranta. Na roƙa a sa zaman nan da safe aka ƙi.

FARFESA: Da safe ina da ɗaurin aure uku. Kun ga dai da idonku, ba a gama taro ba hankalinta ya koma gida. Sakatare wannan kai za ka rubuta, sakamakon bincike na ɗaya, mata ba sa iya zaman taro. Na biyu, makiyaya ba sa duba imel. Shawara, a kafa ƙaramin kwamiti na mata zalla ya zurfafa bincike.

SAKATARE: Wa zai shugabance shi sa?

FARFESA: Abu mai nauyi irin wannan ai sai wanda ya san kan aiki. Zan daure in riƙe.

AKAWU: Shi ma da alawus?

FARFESA: Ninki biyu, ai sadaukarwa ce. Yauwa, ku taso a yi hoto, masu ba da tallafi daga waje ba sa sakin kuɗi sai sun ga hoto a bangon rahoto. Ku jeru, ni a tsakiya, a bari hular ta fito sosai. Dakta karɓi wayar nan ki ɗauke mu, ku mata kun fi iya saita hoto.

DAKTA: Ranka ya daɗe in na ɗauka ai ba na ciki.

FARFESA: Za a rubuta sunanki a ƙasa. Gefen hagun nan ya yi gajere, Baba ajiye tiren nan ka zo ka cike layin.