Kun toshe lungu, ruwa ya bi ta ɗakin talaka

Kun dai ga abin da ruwan daren jiya ya yi a bayan rukunin gidajen nan da aka kewaye a Yamai. Katangar da suka ja suka toshe lungun da ke tsakaninsu da masu bukkoki, ita ta tura ruwa cikin ɗakunan mutane. Kada wanda ya ce mini ƙaddara ce.

Ruwan Yamai daga tudu yake gangarowa, ya nemi kwarin Gunti Yena, ya nemi kogi. Lungun da ƙafa ta taka har ya zama hanya, yawanci nan ne hanyar ruwa tun kafin a yanka filaye. Ka ja katanga a gicciye ba ka bar mafita ba, ruwan Agusta zai taru a gindinta, ya bi gefe, ya sauka kan wanda ya fi ƙasa, wato mai zana da leda. Ita ma katangar ba ta tsira ba. Birgi mai kaurin santimita 15, babu ɗaurin ƙarfe da kankare, ruwa yana kwashe yashin ƙarƙashin tushe, wata rana ta kwanta, kuma kan wanda ya jingina rumfa da ita za ta kwanta.

Gyaran fa sananne ne, kowane magini ya san shi. A bar ramuka a gindin katanga duk mita 2 zuwa 3, a sa musu raga. A yi kanibo da zai kai ruwan har babban magudani, ba wanda zai ƙare a kusurwar katanga ba. A yashe shi kafin Yuni, don yashi da leda ke cika shi. Sannan ƙaramar ƙofa, faɗin mita 1 da rabi, yadda kurar garuwa za ta wuce.

Ku masu katangar, kun ce wai don tsaro kuka toshe lungun. Gardin da ke ƙofarku, ina yake kwana? Ƴar aikinku, mai wankinku, leburan da suka ɗora wannan katangar, duk daga bayanta suke fitowa da asuba. Wai masu bukkokin ba su da takardar fili. Da yawansu masu filayen ne suka zaunar da su gadi. Ko da babu takardar, wa ya ba ku izinin juya musu ruwa?

Kun toshe lungu, kun kuma tsawwala ruwan sha. Garuwa na tura jarka 10 masu lita 25, kilo 250 ke nan cikin yashi. Ya zagaya katanga, kuɗin zagayen kan mai bukka zai hau, shi da tun asali yake sayen lita da tsada fiye da mai famfon kamfanin ruwa na NDE a gida.

Ku buɗe lungun nan kafin wani ruwan. Ma'aikatar magajin gari kuma ta daina ba da izinin gini ba tare da an duba gangaren ƙasa ba.

Ga kuma dajin dogon yaron da aka fara kewaye birnin da shi tun 1965, ana ta cinsa fili bayan fili. Wa ke sa hannu a waɗannan takardun?