Arizona ba ta yi kuskure ba da ta dawo da Calais Campbell

A watan Afrilun 2025 ƙungiyar Arizona Cardinals ta dawo da Calais Campbell gida yana da shekara 38. A gasar NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka mai kama da zari-ruga, sa'o'insa sun daɗe da rataye takalma, wasu suna sharhi a talabijin, wasu suna horar da yara. Don haka tambayar da magoya baya suke yi tana kan hanya: me ƙungiyar da ke neman gina kanta za ta yi da dattijo? Ni dai ina ganin ta yi daidai, kuma hujjata tana cikin irin aikin da yake yi da kuma tsawon kwantiragin da aka ba shi.

Campbell yana cikin sahun gaba na masu tsaron gida, mutum uku ko huɗu da suke durƙusawa fuska da fuska da ƙarti biyar na abokan hamayya. Aikinsu su toshe hanyar mai gudu da ƙwallo, ko su kutsa su kayar da mai jefa ta kafin ta bar hannunsa. Kokawa ce ta 'yan daƙiƙoƙi, a tsaya, a sake jeruwa, a sake kamawa. Abin da mai kallon ƙwallon Turai zai iya mantawa shi ne a wannan wasa babu iyakar canji. Koci yana iya fitar da mutum ya huta, ya mayar da shi bayan karawa biyu. Mai tsaron baya a Firimiya dole ƙafarsa ta ɗauke shi minti 90, shi kuwa tsohon ɗan sahun gaba ana iya ajiye shi sai lokacin da ake bukatarsa. Gudu yana raguwa da shekaru, gaskiya ne. Amma sanin inda za a ɗora hannu, da gane inda za a bi da ƙwallo daga yadda abokin karawa ya dasa ƙafarsa, waɗannan ƙaruwa suke yi. Tsawonsa na sama da mita biyu ma bai je ko'ina ba.

Kuma wannan ba labarin da ake sayarwa ba ne. Arizona ce ta ɗauko shi daga Jami'ar Miami a 2008, ya yi mata kaka tara, sannan ya wuce Jacksonville, Baltimore, Atlanta da Miami. A Atlanta a 2023 ya cika kaye na 100 da ya yi wa masu jefa ƙwallo, a 2024 kuma ya fara dukkan wasanni 17 na Miami Dolphins. Wanda jikinsa ya jure kaka guda cur yana da shekara 38 ya cancanci a duba abin da ya yi bara kafin a duba takardar haihuwarsa.

Inda ƙungiyoyi suke faɗawa rami shi ne wajen rubuta kwantiragi. A 2022 Buffalo Bills ta bai wa Von Miller, gwanin farautar masu jefa ƙwallo, kwantiragin shekara shida na dala miliyan 120 yana dab da cika shekara 33. Ya fara da kyau, sai jijiyar gwiwarsa ta tsinke a watan Nuwamban shekarar. A kakar 2023 ko kaye ɗaya bai yi ba, a 2025 kuma suka sallame shi. A gasar da aka ƙayyade abin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashi, dala miliyan 279.2 a 2025, kuɗin da aka ɗaure a jikin mai jinya kuɗi ne da ba za a ɗauki wani da shi ba. Miller bai yi laifi ba don ya ji ciwo. Laifin na waɗanda suka sayi shekaru shida ne daga mutumin da ba wanda zai iya lamunce masa biyu. Campbell kuwa shekara ɗaya aka ba shi, a kan kusan dala miliyan biyar da rabi, wajen kashi biyu cikin ɗari na kasafin. In jiki ya ƙi, a yi sallama a ƙarshen kaka ba tare da bashi ba.

Kocin Arizona na lokacin, Jonathan Gannon, ya ga amfanin wannan da idonsa. Shi ne mai kula da tsaron gida na Philadelphia Eagles a Nuwamban 2022, bayan da matashinsu Jordan Davis ya ji rauni, suka ɗauko Linval Joseph da Ndamukong Suh, dukansu sun haura shekara 33, a kan kwantiragin ragowar kaka. Da su aka je wasan ƙarshe na Super Bowl, inda Kansas City ta yi nasara da ci 38 da 35.

Akwai suka ɗaya da nake ɗauka da muhimmanci. Eagles ɗin can kofi take nema a lokacin, Arizona kuwa gini take yi. A zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i ta ɗauki Darius Robinson a 2024 da Walter Nolen a 2025, duka 'yan sahun gaba, kuma yaro ba ya koyon wannan aiki daga benci. Duk karawar da aka bai wa Campbell an hana wani matashi ita. Idan koci ya ji tsoron rasa aikinsa ya riƙa jingina da dattijon saboda ba ya kuskure, to ƙungiya ta ci riba yau ta yi asarar shekara guda ta tarbiyyar yaranta. Wannan haɗari ne na gaske, sai dai maganinsa yana hannun koci, domin shi ke raba lokacin wasa.

Sannan a duba wane ne aka kawo. Campbell ne ya karɓi kyautar Walter Payton ta 2019, wadda gasar take bai wa ɗan wasan da ya haɗa ƙwarewa da hidimar jama'a. Ya buga Super Bowl a kakarsa ta farko, Pittsburgh ta doke su, bai sake komawa ba har yau. A kakar 2025 Robinson da Nolen sun samu damar zama ɗaki ɗaya da shi suna kallon bidiyon abokan karawa, su ga yadda yake kula da jikinsa tun daga Litinin har ranar wasa. Abin da na so in gani a kakar 2025 shi ne Gannon ya riƙa sa shi a rabin karawa ko ƙasa da haka, musamman inda ake bukatar a tsayar da abokan hamayya ko ta halin ƙaƙa, ya bar wa yaran sauran.