Man U na korar koci, mai fenti na sayen kwano

Duk garin Tawa babu wanda ya ci ribar lalacewar Manchester United kamar mai fentin unguwarmu. Ɗan Liverpool ne, kuma da kuɗina ya yi wa ɗakinsa rufin kwano.

Shagon aski gare ni, jikin fadarmu inda ake dafa shayi ana kallon ƙwallo. Da na buɗe, sai na sa aka rubuta sunan Ferguson, kocinmu na Man U, a allon ƙofa. Mutumin da ke riƙe da ƙungiya tun 1986, ai in ka rubuta sunansa ka gama da zancen fenti. Ashe tsohon na shirin tafiya. Ya ɗauki kofin Firimiya a 2013, ya ce a sauƙaƙe masa. Aka kawo Moyes da kwantiragin shekara shida, na ce madalla, shekara shida fenti ya ci kuɗinsa. Watan Afrilun 2014 aka sallame shi, allona ko koɗewa bai fara ba.

Van Gaal ya ci kofin FA a 2016, na yanka wa 'yan fada zabi, kwana biyu tsakani aka kore shi. Mourinho ya kawo mana kofin Europa a 2017, shi ma Disamban 2018 ya kama gabansa. A lokacin mai fenti ya riga ya waye, ya koma lissafin harafi, kowane ɗaya dala hamsin. Ranar da aka naɗa Solskjaer ya zo yana ƙirga haruffan da yatsa, bakinsa har kunne. Na ce, "Maigida, rubuta sunansa na fari, Ole." Ya yi sati bai gaishe ni ba.

'Yan fada kullum shawararsu ɗaya: in koma Real Madrid in huta. Ba su san ina yaro na tsaya bayan taga na kalli wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai na 1999 ba, lokacin da Sheringham da shi wannan Ole suka zura wa Bayern biyu bayan cikar minti 90. Wanda ya ga wannan da idonsa ba ya sauya riga. Liverpool ta ɗura mana 7 da nema a 2023, washegari na buɗe shago sanye da jar rigata, sai dai duk wanda ya shigo yana murmushi na ce masa babu kuran.

Ten Hag ne ya kai ni ya baro. Watan Mayun 2024 muka doke Man City 2 da 1 a wasan ƙarshe na kofin FA, daɗi ya kwashe ni, na ce wannan karon ba suna kawai ba, hotonsa za a zana. Jikka goma na biya. Uwargida ta ce, "Mai aski, ka rasa wanda za ka liƙa a ƙofa sai mai sanƙo?" Na ce mata ba ta san ƙwallo ba. Watan Oktoba aka kore shi.

Mai fenti ya zo da fuskar ta'aziyya da gwangwaninsa a hannu. Ya ce tunda Amorim ne zai gaje shi, ba sai an goge ba, zai ɗora wa hoton baƙar suma da ƙasumba a rabin kuɗi. Na yarda. Aikin ya yi kyau, in ban da cewa bai yi kama da kowa ba.

Ran kasuwa ina tsakar aski sai ga wani dattijo daga ƙauye, riƙe da kaza a hammata. Ya yi sallama, ya cire hula, kai fes, ko ƙuda ya sauka sai ya zame.

"Ɗana, maganin nan ni ka so."

"Wane magani, Baba?"

"Wanda ka ba mutumen ga na bisa allo. Da damana na wuce nan, kanshi ba ko sili guda. Yanzu ga suma har da saje."

Na ce, "Baba, ai ba mutum ɗaya ba ne, wancan an kore shi daga aiki."

"To, da gashi ya hito mai sai aka maida shi?"

'Yan fada suka zube ƙasa, mai shayi har ya kifar da buta. Na yi rantsuwa, na yi bayani, dattijon ya ce in dai kaza ce ta yi kaɗan in faɗa masa gaskiya, yana da bunsuru. Tun daga ranar sunana ya koma Boka, kuma har yau masu sanƙon Ader kan leƙo su yi mini raɗa.

Kakar ta ƙare muna na 15 a teburi, Tottenham ta ƙwace kofin Europa a hannunmu a Bilbao. Watan Agustan 2025 kuma Grimsby, ƙungiyar rukuni na huɗu, ta fitar da mu daga kofin League a bugun fanareti, 12 da 11. Da asuba na tarar da mai fenti zaune a bencin shagona, ba wanda ya aika masa. Wai ya tausaya mini, ya kawo sabon tsari: in riƙa biyan abonema duk wata kamar na Canal, duk kocin da aka kawo shi zai zana kyauta, har da na riƙon ƙwarya.

Na ɗauki tsintsiya na bi shi. Sai da ya kai bakin titi na ƙwala masa kira, "Tsaya! Nawa ne a wata?"