Cika adadi ba shi ne gama aiki ba

Shugabanni da yawa suna ɗauka cewa zancen manufar aiki ado ne kawai, adadin da aka gindaya wa ma'aikata shi ne ainihin aikin. Kuskure ne, kuma yana damuna ƙwarai.

Adadi ma'auni ne. Da zarar an ce da shi kaɗai za a auna mutum, sai ya koma bauta wa lamba. Ka ce wa mai amsa kiran abokan ciniki kada kira ya wuce minti uku, za ka ga yana katse tsohuwar da ba ta gama bayanin matsalarta ba, gobe kuma ta sake kira. A bankin Wells Fargo na Amurka, matsin cika adadi ya sa ma'aikata suka riƙa buɗe asusu ba da sanin masu su ba, har aka ci bankin tarar dala miliyan 185 a 2016.

Ba cewa nake a watsar da adadi ba, ai daga nan albashi ke fitowa. Amma shugaba ya faɗa wa mutanensa wanda lambar take amfana, kuma ranar da wani ya bar lamba ta sauka don ya warware wa tsohuwar nan matsalarta, ya tsaya masa a gaban na sama.