Kafin mu ce musu jahilai

Gwaggona tana da hawan jini. Watan jiya na iske ta tura ƙwayoyinta bayan langa, ta koma shan wani jiƙo da ta ji a saƙon murya na WhatsApp. Raina ya ɓaci, na hau faɗa. Sai ta ce, "Ɗan nan, shi wannan ya yi mini bayani. Likitan ko kai bai ɗago ba."

Na rasa ta cewa, don ni na raka ta asibiti ranar. Muka yi sammako, muka yanki kati, muka bi layi har azahar, aka gan ta minti uku, aka miƙo takarda da Turanci. Ba wanda ya ce mata maganin nan na kullum ne ko da ta ji sauƙi. Likitan ma abin tausayi ne, shi kaɗai, ga baranda cike da majinyata. Mai jiƙon kuwa minti goma ya yi yana zuba mata Hausa, da sallama da addu'a.

Na san ɓarnar jita-jita. A 2014, lokacin Ebola, saƙon waya ya sa mutane wanka da ruwan gishiri da shan sa, har aka rasa rayuka. Amma rashin yardar nan tana da asali. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano da yara 200, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a sanar da su gwaji ba ne. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, wannan tabon yana cikin abin da mutane ke tunawa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, kuma ina goyon bayanta. Sai dai mai hali yana da lambar likita a wayarsa, yana bincike a intanet da Turanci. Gwaggo ko katin inshorar ta samu, wa zai gaya mata sunan ciwonta?

Likitocinmu da malaman jinya, don Allah ku shigo wayoyin nan da Hausa, da murya, don ba kowa ke karatu ba. Wata maƙwabciyarmu malamar jinya ce ta zauna da Gwaggo a tabarma bayan la'asar, ta auna jininta, ta nuna mata lambar awon, ta faɗa mata abin da take nufi. A daren ta koma shan maganinta.