Saniyar Coffee Bay da Hulata

Har yau ban yafe wa Yaya Nura ba. Maman Sadiq ta ce in bar maganar, wai abin da ya wuce ya wuce. To ai ba ita ta sha ruwan gishiri a bainar jama'a ba.

Kun san ni da tsari. Tun zafin Afrilu na sayi littafi na fara rubuta yadda za mu je hutu bakin teku a Afirka ta Kudu, tunda ga yayan matata, Yaya Nura, a Durban, masauki kyauta. Na zaɓi gaɓar da suke kira Wild Coast, a lardin Eastern Cape. Na kira shi na gaya masa. Ya ce, "Ku bari sai Disamba mana." Na ce, "Haba Yaya, da hunturu? Wa ke shiga ruwa cikin sanyi? Yuli za mu zo." Ya ɗan yi shiru, ya ce, "To, Allah ya kawo ku lafiya."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Mutumin da ya shekara tara a ƙasar bai iya buɗe baki ya ce mini lissafinsu a kife yake ba, Disamba ne zafinsu, Yuli kuma tsakiyar sanyi. Na san an koyar da wannan a sakandare, wataƙila ranar na yi fashi.

Haka na shiga Sabon Gari na sayo gajeren wando guda uku masu hoton kwakwa, da singileti, da baƙin tabarau. A Kokstad, kan hanyar N2, na fara shan jinin jikina, lokacin da muka tsaya salla na taɓa ruwan alwala na ji kamar an sare mini yatsu. A Mthatha Maman Sadiq ta sayi bargo biyu ba ta ce mini uffan ba, kuma wannan shirun ya fi zagi ciwo. Daga nan muka bar babban titi muka gangara Coffee Bay, wajen kilomita 80 na ramuka da awaki da tumaki, ga ɗakunan kago na Kosawa, ƙabilar yankin, an shafe su da shuɗin fenti a kan kowane tudu. Wurin yana da kyau, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba.

Mai masaukinmu ce ta ƙarasa kashe mini littafi. Ta ce mun zo a kan gaɓa, Yuni da Yuli ne kifin sadin ke bin gaɓar nan garke-garke, tsuntsaye na binsa ta sama, kifin shak na binsa ta ƙasa, kuma nan ba kamar Durban ba ne, babu ragar da ke tare shak ɗin. Ni sadin a gwangwani na san shi, ban taɓa sanin yana tafiya da 'yan rakiya ba. Na ɗauki biro na soke "iyo" daga shafi na 4.

Amma wando an riga an saya. Washegari na sa mai hoton kwakwa, na ɗora rigar sanyin Yaya Nura a sama, na kafa hulata zanna bukar don kada a ce ban da asali. Muka nufi Hole in the Wall, wani ƙaton dutse a cikin ruwa da teku ta huda masa ƙofa a tsakiya. Mutanen wurin suna ce masa esiKhaleni, saboda rugugin da ruwa ke yi idan ya daki ramin.

Muna sauka na ga shanu a kwance a kan yashi suna tuƙa, hankali kwance, kamar su suka biya kuɗin jirgi. Dabbare-dabbare, kyawawa. Nan fa jinina ya motsa. Na ce, "Maman Sadiq, riƙe mini waya ki ga aiki. Kin manta kakata Bafulatana ce?" Ta ce, "Abban Sadiq, kakarka a Fagge ta tashi, ko akuya ba ta taɓa kiwo ba." Ban saurare ta ba.

Na zaɓi wata baƙa mai farin goshi. Na tunkare ta ina kaɗa harshe, na miƙa hannu, har da gaishe ta da kalmar Fulatanci ɗaya tak da na iya. Ta daina tuƙa. Ta miƙe, baya tukuna sannan gaba, ta tsaya tana kallona irin kallon da mai gida ke yi wa ɗan haya mai bashin wata shida. Sai a lokacin na hango ɗan maraƙi a bayanta.

Ta tako ɗaya, na ja ɗaya. Ta tako biyu, na ja uku, ina murmushi saboda kyamara. Abin da ban lissafa ba, baya nake ja, kuma tekun Indiya ce a bayana. Na ji sanyi a dunduniya, na ji a gwiwa, na ji Maman Sadiq ta ƙwalla salati. Kafin in waiga igiyar ruwa ta ɗauke ni ta nana da ƙasa, ta mirgina ni kamar ana wanke buhu. Yashi a hanci, yashi a kunne. Na yunƙura zan tashi, ruwan da ke komawa ya kama wandon nan mai hoton kwakwa ya ja shi har gwiwa. Hannu ɗaya na riƙe wando, ɗaya ina laluben ƙasa, ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta shiga kasuwa. Ga tunanin shak. Wani ganyen ruwa ya naɗe mini ƙafa na kurma ihun da ban san ina da shi ba.

Ina Yaya Nura? Yana can kan tudu. Tun takon farko na saniyar ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Daren jiyan nan shi ya zauna yana ba mu labarin jirgin Oceanos da ya nutse kusa da nan a 1991, yana ta tsine wa kyaftin ɗin da ya bar jirgi alhali akwai fasinjoji a ciki. Su dai an ceto su duka, mutum 571. Ni mutum ɗaya rak, surukinsa, ko sanda bai jefo mini ba.

Wani yaron da bai fi shekara takwas ba ne ya yi fito sau ɗaya, saniya ta juya ta koma ta kwanta.

Amma wadda ta fi tsaya mini a rai wata tsohuwa ce mai sayar da duwatsun ado, lulluɓe da bargo, fuska shafe da farar ƙasa. Kowa ya yi dariya ban da ita. Da ta yi, da na huta. Zarenta kawai take zurawa tana bina da ido, na fito ina ɗigar ruwa, takalmi ƙafa ɗaya, haƙora na kaɗawa. Da na zo daidai ita ta ce, "Molo," wato sannu da yarensu, a natse, sannan ta ɗago mini abin wuya ta faɗi farashi. Wallahi sai da na saya. Har biyu, ban ko taya ba. Ina zargin da saniyar suke aiki, ban dai da shaida.

Hulata kam ta tafi. Na hango ta tana lilo ta nufi ramin dutsen, ban sake ganinta ba. Hular aurena ce.

Bidiyon yana zauren WhatsApp na dangi, Inna ta kalla sau uku ta aiko a tambaye ni ko an yi mini rubutu na sha. Yaya Nura kuma ya kira jiya, wai a cikin rigar sanyinsa da na jiƙa akwai rand 200, ko na gani.