Atisayen sojojin lema ya tuna mini da Sarki Charles

Na karanta wani labari kan atisayen Swift Response, inda sojojin lema na Amurka da Birtaniya da sauran ƙawayensu na NATO ke dirowa tare a Turai, sai Sarki Charles na Birtaniya ya faɗo mini a rai. Mutane da yawa sun san shi da fada kawai, alhali ya yi aikin sojan ruwa daga 1971 zuwa 1976. A shekararsa ta ƙarshe har ya jagoranci HMS Bronington, wani ƙaramin jirgin farautar nakiyoyin cikin teku.

Dirarsa ta farko da lema, a 1971, ita ta fi taɓa ni. Yana fitowa daga jirgi igiyoyin suka harɗe masa ƙafafu, kansa ya koma ƙasa, da ƙyar ya warware su kafin ya faɗa ruwa a gaɓar Dorset da ke kudancin Ingila. Duk da haka, da aka naɗa shi uban rundunar sojojin lema ta Birtaniya a 1977, ya koma ya yi kwas ɗin dira a 1978 don ya cancanci jar hularsu. Wallahi wannan ya burge ni matuƙa.